Birkin da Baba Ya Haɗa da Idona

Kwanakin baya ina kwashe tarkacen ɗakin ajiya sai na ci karo da wani tsohon faranti mai zanen furanni. Furannin sun koɗe, tsakiyarsa kuma akwai baƙin tabo wanda babu sabulun da ya taɓa fitar da shi. Ban san sanda na kai shi hanci ba. Fiye da shekara talatin ke nan, amma in ka matsa sosai za ka ji ɗan warin kananzir da tsatsa. Na samu bakin ƙofa na zauna, har na manta abin da ya kawo ni ɗakin.

Farantin Mama ne. Baba ya ce aro ya yi, aron da ba a mayar ba har ya bar duniya. A kansa muke jera kayan birki duk ranar da za a buɗe ƙafar motarsa.

A wani gidan haya muka tashi, bayan barikin Shadawanka. Mu mutanen kudancin jihar ne, daga wani ƙauye da ke kan tudu, aiki ne ya kawo Baba birnin Bauchi. Ya daɗe yana tuƙa motocin soja, da ya ajiye kaki kuma bai iya yin nisa da bariki ba. A tsakar gidan akwai mangwaro guda, ƙarƙashinsa nan ne makwancin motar, wata tsohuwar fara mai dogon baya. Duk unguwa an san abu ɗaya game da ita: babu bakaniken da ya taɓa sa mata hannu. Baba ne likitanta, kuma yana faɗin haka ko ba a tambaye shi ba.

In ba ka taɓa leƙa cikin ƙafar baya ta irin waɗannan motoci ba, bari in kwatanta maka. In an cire taya za ka tarar da wani ƙarfe kamar tukunya a kife, shi ake kira durom. In an zare shi sai ga ƙarafa biyu masu lanƙwasa, kowanne da fata mai kauri a bayansa, su kanikawa ke kira layinin. Da direba ya taka birki sai su buɗe su matse cikin durom ɗin, taya ta tsaya. Akwai sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, dogo da gajere masu jawo su su koma, akwai wasu ƙanana masu riƙe su a mazauninsu, akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke daidaita tazarar da ke tsakaninsu da durom. Kayan ba su da yawa, amma kowanne da gurbinsa da kuma inda yake fuskanta.

Baba yana da dokoki, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Sai an tokare tayoyin gaba da duwatsu. Sai an sa kututture ƙarƙashin mota, don bai yarda da jak shi kaɗai ba. Baƙar ƙurar da ke cikin durom ba a hura ta da baki, jiƙaƙƙen tsumma ake sawa. Giris kuwa ko ɗigo kada ya taɓa fatar layinin. Amma babbar dokar ita ce ba a wargaza ƙafa biyu lokaci guda. Ka kwance ta dama, ka bar ta hagu a haɗe, in ka rikice sai ka zagaya ka duba. Yakan ce ɗayar ita ce malamarka. Saboda kayan hagu da na dama sun yi kama kamar hannuwan mutum, iri ɗaya amma ba sa musanya, tun sanda ya sayi motar ya bi kowane ƙarfe na ƙafar hagu ya ɗiga masa jan fenti.

Yayyena maza biyu ne, amma da sun ji ƙarar akwatin sifana sai ka neme su ka rasa, sun yi filin ƙwallo. Ni ce na zauna. Aikina shi ne in karɓi duk abin da Baba ya ciro, in wanke shi da kananzir, in jera a faranti bisa yadda suka fito, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Mama takan yi mita, wai za a ɓata mata 'ya da baƙin mai, wa zai ci tuwon da waɗannan farata suka tuƙa. Baba sai ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa in ya ce miƙo filaya na miƙa kafin ya rufe baki, ji nake babu kamata a unguwar.

Abin da nake son ba ka labari ya faru ne ina da shekara goma sha biyu, a ƙarshen bazara. Zafi ya kai inda ya kai, mangwaro ya nuna yana faɗowa kan rufin motar, kullum da yamma hadari na haɗowa daga gabas ya watse ba ruwa. A lokacin Kaka, mahaifiyar Baba, tana gidanmu. An kawo ta asibiti, an yi abin da za a iya, daga baya likita ya sallame ta ya ce a je a kula da ita a gida. Kowa ya gane abin da yake nufi, ita ma ta gane. Sai ta kira Baba ta ce ya mai da ita ɗakinta na ƙauye, kuma shi da kansa, kada ya saka ta a motar kasuwa. Ya yi mata alkawarin ranar Asabar. Ba a iya ɗagawa, domin akwai rafi kafin ƙauyenmu, da an yi ruwa mai ƙarfi biyu mota ba ta ƙara tsallaka shi sai bayan damina.

Matsalar ita ce birkin motar ya fara ƙara, in an taka kuma sai ya yi ƙasa sosai kafin ya kama. Kafin a kai rafin nan akwai wani dogon gangare mai kwana biyu, gefensa rami. Baba ya ce ba zai sauko da uwarsa wannan gangaren da irin wannan birki ba.

Ranar Juma'a da safe ya ce in shirya mu je kasuwar Wunti sayen sabon layinin. Lokacin ba a san keke mai ƙafa uku ba, tasi muka shiga. Mai shagon wani mutumin kudu ne, sun saba da Baba tun yana bariki. Da ya miƙo kwalin sai Baba ya ba ni, ya ce in karanta lambar da ke jiki ya ji ko makaranta na aiki. Na karanta da ƙarfi.

"Oga soja," in ji mai shagon, "wannan yarinya shi ne zai gaje ka. Kansa yana ja."

Da za mu tsallaka titi Baba ya dafa kafaɗata ya riƙe gam. Na ɗauka kare ni yake yi daga mashina.

Akwai ƙanin Baba da ke zaune tare da mu, muna kiransa Baba Ƙarami. Mutum ne mai kirki da son a yaba masa, sai dai akwai gaggawa. Bai daɗe da samun lasin ba, yana tuƙa motar wata makaranta, kuma tun daga nan ya ɗauki kansa masanin mota. Da muka dawo da hantsi, shi muka tarar a gindin mangwaro, hannuwa baƙi ƙirin, yana washe baki. Ya ɗaga motar, ya cire tayoyin baya duka biyu, ya wargaza ƙafar hagu da ta dama. Duk kayan ya zuba su a bahon wankin Mama, ya tsiyaya kananzir, ya dirje su da soson ƙarfe har suna ƙyalli. Wai ya rage wa yayansa aiki.

Baba ya tsaya a kan bahon nan ya daɗe. Na san shi da faɗa, na jira tsawa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Sannu da aiki." Mama ce ta leƙo daga kicin ta ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. A nan jikin Baba Ƙarami ya yi sanyi. Ya ce bari ya ruga ya kira bakanike. Baba ya ce babu wanda zai zo ya koya masa motarsa, ya tuɓe riga ya shimfiɗa buhu ya zauna gaban ƙafar hagu.

Da farko ban ga wani abin damuwa ba. Yana tsoma hannu a baho, ya shafa ƙarfe, ya san ko wane ne. Ya ɗora sabon layinin, ya kama shi da ƙananan sifirin. Sai ya ɗauko ɗan ƙarfen nan mai haƙora ya saka. Ina tsugune kusa da shi, na duba, babu ja a jikinsa. Na leƙa baho, ga ɗan'uwansa can, soso ya cinye fentin amma akwai ɗan saura maƙale a tsakanin haƙoran. Baba ya saka na dama a hagu.

Shi ya koya min abin da hakan ke jawowa. In aka musanya su, maimakon ƙarfen ya riƙa matso da layinin kusa da durom, baya zai riƙa ja da shi. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai an yi tafiya, an taka an sake, an taka an sake, sannan wata rana ka taka ka ji wayam. Na ɗauka gwada ni yake yi kamar yadda ya saba. Sai na ga ya ɗauki filaya zai ja dogon sifirin ya rufe aikin.

"Baba," na ce a hankali, "wannan ba shi da ja."

Ya tsaya. Ya zare ƙarfen, ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya wajen rana, ya sake juyawa. A nan na kalli idonsa da kyau, abin da ɗa ba ya cika yi wa uba. Baƙin idon ya yi fari-fari, kamar ruwan da aka ɗiga wa nono. Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Ya daina karatu a sujadar safe, ya ce mu yara mu riƙa yi. A coci waƙoƙin da ka yake rera su, littafin na rufe a hannunsa. Mota kuma ya daɗe bai kai ta ko'ina ba sai hanyar da ya haddace, da rana tsaka.

Ya aiki Baba Ƙarami ya sayo man birki, alhali akwai shi a akwati. Da ya fita, Baba ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ba na ganin jan. Tun bara komai sai ka ce ta cikin hayaƙi nake kallonsa. Hannuna ya san aikin, amma yau ke za ki gani min."

Na ji tsoro, kuma na ji tausayinsa. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji wani girma ya sauko min wanda ban taɓa ji ba. Na jawo farantin Mama, na zauna a inda haske ya fi, na riƙa ɗaukar ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ina neman ja a lungu da saƙo. Wani a ƙugiyar sifirin na same shi, wani a cikin rami, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Masu ja na jera a faranti, marasa ja na jera a kan buhu. Sifirin guda ne ya ba ni wuya, don soso bai bar masa komai ba. Na kwatanta wa Baba yadda ƙugiyarsa ta lanƙwasa, ya karɓa ya shafa, ya ce na hagu ne, ɗan'uwansa kuwa da na duba ya fuskanci ɗaya gefen.

Haka muka yi aikin nan. Ni in ce ga shi, shi ya saka. In ya ja sifirin da filaya, ni zan ce sama kaɗan, dama kaɗan, har ya faɗa raminsa da ƙara. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙudaje na bin ɓawon mangwaro, Kaka kuma na kwance a tabarma a baranda tana kallonmu. Can ta ɗago kai ta ce, "Ƙawata, in kin gama da wannan ki zo ki gyara min gwiwa." Da Baba Ƙarami ya dawo, Baba ya sa shi goge durom da samfefa.

Wajen la'asar muka mayar da durom. Baba ya riƙa juya taya da hannu yana kasa kunne, yana ƙara haƙori ɗaya-ɗaya, har ya ji 'yar gogayyar da yake nema a kowace ƙafa. Aka sauke mota. Ya shiga ya taka birki sau da yawa, ya ja na hannu ya saki, sannan ya fita da ita layinmu da babu kowa, ya ɗan ba ta wuta ya taka. Ta tsaya cak, ba ta karkata ba. Ya ce in je in duba sawun tayoyin a ƙasa. Na dawo na ce tsawonsu ɗaya. Ya ce, "Madalla," ya ɗora tafinsa mai baƙin mai a kaina a gaban Mama.

Sai dai farin cikina bai kai safiya ba. Birki ya gyaru, amma na san wanda zai tuƙa ba ya gani, kuma na san gangaren nan. In na faɗa, na tona asirin ubana. In na yi shiru, Kaka ce a cikin motar. Na tashi ranar Asabar ban iya cin komai ba.

Aka kwantar da kujerar baya aka shimfiɗa katifa. Aka ɗauko Kaka aka kwantar. Maƙwabta sun fito sallama, har da matan zumunta na cocinmu da wani tsohon saja abokin Baba. Aka yi addu'a. Baba ya zagaya ya tsaya a ƙofar direba, makulli a hannunsa, yana murza shi. Ni ina kallon ƙasa. Sai na ji ya kira ƙaninsa, ba a ɓoye ba, a gaban kowa.

"Zo ka karɓa. Idona ya mutu, ban faɗa wa kowa ba. Birkin nan ma yarinyar nan ce ta gani min. Ban kwana biyu ina tsoron rami don in kai uwata cikinsa da hannuna ba."

Mutumin da ya tuƙa manyan motoci zuwa inda ba ma iya faɗin sunansa, ga shi yana miƙa makulli ga wanda jiya-jiya ya zuba masa kaya a baho. Baba Ƙarami ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Mama ta juya ta shiga ɗaki, daga baya na gane ta daɗe da sani, jira take ya faɗa da bakinsa.

Kaka ce ta yi magana daga kan katifa. "Kai ka ce za ka kai ni."

"Ni zan kai ki, Inna," in ji Baba. Ya buɗe baya ya shiga, ya ɗaga kanta ya ɗora a cinyarsa.

Aka sa ni a gaba. Tun daga fita gari Baba yake kiran hanya daga baya, bai kuskure ko ɗaya ba. Rage gudu, akwai gada. Nan gaba kasuwa ce, yi hon. Da muka kai bakin gangaren ya ce a tsaya, a sa giya ta biyu, a riƙa takawa ana saki, kada a danne. Baba Ƙarami da ba ya jin magana, ranar ko numfashi sai da izini. Muka sauka a hankali, kwana ta farko, kwana ta biyu, birki na kamawa daidai duk sanda aka taɓa shi. Muka tsallaka rafi ruwa bai kai rabin taya ba. Baba ne ya ɗauki Kaka a hannu ya shigar da ita ɗakinta. Ta ji ruwan farko a kan jinkarta, ta yi mako biyu da 'yan kwanaki, sannan ta huta.

An yi wa Baba aikin ido bayan shekara biyu, ya dawo yana karatu da gilashi. Kowa ya zaci zai nemi makullinsa. Bai nema ba. Ya ci gaba da gyaran motar, ni ina gefensa har na tafi makarantar kwana, amma kujerar direba bai ƙara zama a kanta ba.

Yanzu ina zaune a Tirwun, inda a da gonaki ne. Motata ta zamani ce, sai an jona mata na'ura take faɗin ciwonta. Kanikawan yanzu sukan wargaza ƙafa biyu lokaci guda, sun ɗauki hoto da waya, kuma ba na ganin laifinsu, ko da yake nakan tsaya a kansu har su ce Mama ki je ki zauna. Abin da ban ga ya sauƙaƙa ba shi ne wanda Baba ya yi a bakin ƙofar motar nan. Ina ganin dattawa a titi suna laluben hanya da sitiyari a hannu, 'ya'yansu sun sani, kowa na jin nauyin faɗa. In ana maganar jarumtaka, mutane kan tambaye ni inda Baba ya je da kaki. Ni safiyar Asabar ɗin nan nake ba su labari, kuma ina alfahari da cewa ni 'yarsa ce.

Bana na lura fitilun motoci sun fara yi min yawa in magariba ta yi. Na je an duba, an ce da saura. Duk da haka na zaunar da 'yata na ce mata, ranar da ta ga na ɗauki abu na kai shi dab da fuskata ina juyawa, kada ta ji nauyina, ta faɗa. Ta yi dariya ta ce ai na san halina, ba zan ba da makulli ba.

Na ce zan bayar. A gabana aka yi, na ga yadda ake yi.